Babi na Shida: Sauron Ambursa

Duk wanda ya sauka daga jirgi a Birnin Kebbi, a ƙasar Ambursa ya taka ƙafa, domin a can aka gina filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello. Iyakar abin da yawancin matafiya suka sani game da garin ke nan. Amma a tsofaffin mujallun ilimin ƙwari da ke ɗakunan karatu na Landan da Janeba, sunan Ambursa ya riga filin jirgin fitowa da kusan shekara sittin, kuma sauro ne ya kai shi can.

A shekarar 1954 gwamnatin Jihar Arewa, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, ta fara wani gwaji a yammacin lardin Sakkwato, aka kafa cibiyar aikin a Birnin Kebbi. A lokacin duniya tana cike da buri. Maganin feshin nan DDT ya karya lagon zazzaɓin cizon sauro a Italiya da Girka, ya rage shi ƙwarai a tsibirin Silon. Abin da ba a sani ba shi ne ko dabarar za ta ci a ƙasa irin tamu, inda ruwan damina ke sauka cikin wata huɗu, sauro ya taso a lokaci guda, kusan kowane yaro yana ɗauke da ƙwayar cutar a jininsa. Masana sun yi ja-in-ja a kan haka a wani taro da aka yi a Kampala a 1950, aka tashi da shawarar a gwada a gani. Kwarin Rima na cikin wuraren da aka zaɓa. Gwajin ya shafi mutum fiye da dubu ɗari, kuma cikin jagororinsa akwai Leonard Bruce-Chwatt, likita ɗan asalin Folan wanda ke shugabantar sashen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Yaba, Legas.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Macen sauro ce ke cizo, kuma idan ta ƙoshi da jini sai jikinta ya yi nauyi, ta nemi bango ko rufin ɗaki ta huta. Ƙwayar cutar da ta tsotsa tana buƙatar kwana goma zuwa sha huɗu a cikinta kafin ta iya sa wa wani. To idan an shafe bangon da guba, za ta mutu kafin wa'adin ya cika. Aka raba yankin, wani sashe a fesa DDT, wani BHC, wani kuma sabon magani mai suna dieldrin wanda aka fi sa rai da shi saboda yana daɗewa a jikin bango. Ma'aikata suka bi ƙauyuka ɗaki-ɗaki da tankin feshi a baya, ana fitar da kayan ɗaki da tukwane waje, a fesa, a wuce gaba.

Da fari abin ya yi kyau. Sauro ya ragu a ɗakuna, mutane suka sami barci. Ba a cika shekara biyu ba sai masu sa ido suka ga sauro ya dawo ɗakunan da aka fesa wa dieldrin a Ambursa, yana zaune a kan bango lafiya ƙalau. A ƙarshen 1955 aka tabbatar da abin da ake tsoro, kuma a 1956 masana biyu da ke aikin, Elliott da Ramakrishna, suka buga rahoton a mujallar Nature. Shi ne karo na farko da aka tabbatar cewa Anopheles gambiae, sauron da ya fi kowane yaɗa zazzaɓi a Afirka, ya daina jin maganin feshi. Wannan ya zo daidai da lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta, a 1955, cewa za ta kawar da cutar daga doron ƙasa, kuma feshi ne babban makaminta.

Daga nan aka ɗebi ƙwayayen sauron Ambursa aka kai Landan, cibiyar Ross, hannun wani masani mai suna George Davidson. Ya yi kiwonsu a ɗakin gwaji, ya haɗa su barbara da sauron da aka kawo daga wani wuri wanda har lokacin maganin yana kashe shi, ya ƙirga 'ya'ya da jikoki. Ya gano cewa juriyar gado ce, kuma ƙwayar gado guda ɗaya tak ke ɗauke da ita. Sauron da ya gaje ta daga uwa da uba yana jure maganin ninki ɗaruruwa. Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya yana tsaka-tsaki. Wanda bai gada ba yana mutuwa. Ma'ana, tun kafin a zo da feshi akwai 'yan tsirarun sauro masu wannan ƙwaya a kwarin. Feshin ya kashe sauran ya bar musu fili, su kuma, da yake sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana goma ko ƙasa da haka a lokacin zafi, nan da nan suka cika ƙasa. Abin da ɗaliban kimiyyar halittu ke haddacewa game da yadda yanayi ke tace halitta, ya faru a zahiri a jikin bangon laka na ɗakunan Kabawa, cikin damina biyu.

Akwai wani abu kuma da Davidson bai nema ba ya samu. A cikin haɗe-haɗen da ya riƙa yi tsakanin sauron wurare daban-daban, wasu lokuta mazan da aka haifa sai su fito ba sa iya haihuwa, kamar yadda alfadari ke fitowa daga doki da jaki. Bin diddigin wannan ne ya kai shi, a farkon shekarun 1960, ga gane cewa abin da ake kira Anopheles gambiae jinsuna ne da yawa masu kama ɗaya, waɗanda ido ba ya bambancewa ko da madubin likita. Kamarsu ɗaya, halinsu daban. Wani ya fi son jinin mutum kuma ya fi zama cikin ɗaki. Wani, wanda yanzu ake kira arabiensis, ya fi jure fari, yana cizon shanu yana cizon mutane, kuma sau da yawa a waje yake hutawa, inda feshin bango ba ya kaiwa. Masanin Italiya Mario Coluzzi ya ɗora a kan wannan da binciken da ya yi a Najeriya, har aka sa wa wani jinsin sunansa a 2013. Babban gwajin Garki, wanda aka yi tsakanin 1969 da 1976 a ƙasar da yanzu take Jihar Jigawa, ya ƙara nuna cewa feshi da rabon magani suna rage cutar a irin wannan yanki amma ba sa yanke ta. Duk wani shiri na yaƙi da sauro da ake yi a Afirka a yau, daga gwajin juriya da takarda mai magani zuwa tantance jinsin sauro kafin a zaɓi makami, yana da jijiya a waɗannan shekaru, kuma Ambursa tana cikin tushen.

Abin da ke damuna a wannan tarihi shi ne inda ilimin ya zauna. Sauron namu ne, ɗakunan namu ne, yaran da aka huda wa yatsa aka ɗebi jini namu ne, 'yan ƙasa ne suka ɗauki tankin feshi suka kwana suna kama sauro. Amma ɗakin kiwon sauron yana Landan, sakamakon ya fito da Turanci a mujallar da ba ta zuwa Birnin Kebbi, kuma da aikin ya ƙare babu wata cibiya da ta rage a nan ta ci gaba da sa ido. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a Arewa, sai a 1962 aka buɗe ta Zariya. Wannan uzuri ne na gaskiya ga mutanen wancan zamani. Mu ba mu da shi.

Ga dalilin da ya sa maganar ba ta tsufa ba. Binciken ƙasa na zazzaɓin cizon sauro na 2015 ya duba jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya sami ƙwayar cutar a jikin kashi 64 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi. A 2018 adadin ya sauko zuwa 52, a 2021 zuwa 49. A duk karo ukun Kebbi ce kan gaba a Najeriya, alhali matsakaicin ƙasa a 2021 kashi 22 ne, Legas kuwa ba ta wuce kashi biyu zuwa uku ba. Najeriya kuma ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Idan akwai wurin da ya kamata a ce an fi ko'ina sanin sauro da ƙwayar cutar da yake ɗauke da ita, to nan ne. Ba abin alfahari ba ne jiha ta yi fice da ciwo. Amma mai bincike yana zuwa inda tambaya take, kuma duk maganin da ya ci a kwarin Rima da wuya ya kasa a wani wuri.

Wannan nauyin ne ya sa da Najeriya ta tashi fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watan Disamba na 2024, aka zaɓi Kebbi da Bayelsa su zama na farko. Allurar, mai suna R21, masana Jami'ar Oxford ne suka ƙirƙiro ta, kamfanin Serum na Indiya ke sarrafa ta. Ana yi wa yaro sau huɗu: yana wata biyar, wata shida, wata bakwai, sai ta ƙarshe yana wata goma sha biyar. Abin lura shi ne inda aka gwada ta kafin ta iso mana. Gwajin da ya fara jawo hankalin duniya a 2021 an yi shi ne a Nanoro, wani ƙaramin gari a Burkina Faso, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidou Tinto, kuma babban gwajin da ya biyo baya ya haɗa yara kusan 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Nanoro ba ta kai Argungu girma ko tarihi ba. Abin da take da shi cibiya ce da aka gina a hankali kusa da asibitin gari, tana da ɗakin gwaje-gwaje mai inganci, tana da rajistar mutanen ƙauyukan da ke kewaye, an san wanda aka haifa, wanda ya rasu, wanda ya yi ƙaura. Da irin wannan rajista ake iya bin yaro shekara biyu ko uku a san ko allura ta kare shi. Kayan aikin ke nan, kuma babu wanda ya fi ƙarfin Kebbi a cikinsu.

Tubalan ginin ma suna nan. Akwai asibitin tunawa da Sir Yahaya, mai ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya, wanda shi ne tsohon babban asibitin birnin. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda aka ɗaukaka zuwa asibitin koyarwa. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, a garin da aka daɗe da sanin mutanensa da ɗorin karaya. Akwai cibiyar kula da masu yoyon fitsari a Gesse, da babban asibitin Kalgo. Sakkwato, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin yara masu ciwon noma mai cin fuska, tafiyar sa'o'i kaɗan ce. Ba na cewa waɗannan sun riga sun zama cibiyoyin bincike na a-zo-a-gani. Yawancin likitocinsu layin marasa lafiya ba ya barinsu su ɗaga kai, kuma malamin jami'a da ke son adana jini a daskare sai ya fara tunanin man janareto. Amma a 1955 ko ɗaya daga cikin jami'o'in nan babu.

Tambayar da na fi so a ce masanan Kebbi sun rungume ta tana cikin fadama. A watan Nuwamba na 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, kuma tun daga lokacin noman shinkafa na rani ya bunƙasa daga Argungu da Augie har Suru da Bunza. Injinan ban-ruwa suka cika bakin gulbi, kamfanin WACOT ya buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. Arziki ya shiga hannun mutane da yawa, kuma ba mai hankalin da zai ce a daina. Sai dai ruwa mara zurfi, mai ɗumi, wanda rana ke duka, kamar na gonar shinkafa a makonnin farko bayan dashe, shi ne wurin da sauron zazzaɓi ya fi so ya yi ƙwai. A da, rani yakan yanke masa hanya. Yanzu akwai ƙauyukan da ruwa ke kwance kusa da su a watannin da ƙasa ta saba bushewa.

An daɗe ana cewa ƙauyukan shinkafa a Afirka suna da sauro da yawa amma ba su fi maƙwabtansu zazzaɓi ba, wai saboda kuɗin shinkafa yana sayen gidan sauro da magani. Wani nazari da masanan makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan suka fitar a 2022 ya tattara binciken shekaru ya nuna lamarin ya sauya: tun da aka fara rage cutar a ko'ina, ƙauyukan shinkafa sun fi sauran kamuwa. Wannan yana taɓa wani shiri da iyaye mata a Kebbi suka sani sarai, wato maganin kariya da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar, sau ɗaya a wata, a watannin damina. An gina shirin a kan cewa yawancin zazzaɓin shekara yana zuwa cikin wata huɗu. To a ƙauyen da ke noman rani, yaushe lokacin zazzaɓi ke farawa, yaushe yake ƙarewa? Wane jinsin sauro ne ke tashi daga gonar rani, a ɗaki yake cizo ko a waje, wurin matasan da ke kwana gadin inji? Akwai dabarar ban-ruwa da masana shinkafa suka ƙirƙiro don tsimin ruwa, a bar gona ta tsane na 'yan kwanaki kafin a sake cika ta. Idan tsanewar ta zo kafin tsutsar sauro ta yi fiffike, manomi ya rage kuɗin mai, ƙauye ya rage cizo. Ko hakan zai yiwu a ƙasar laka ta fadamar Argungu ba tare da an rage amfanin gona ba, sai an auna a nan. Aiki ne na masanin ƙwari da malamin gona da likita tare, kuma cibiyar binciken hatsi ta Badeggi tana da reshe a Birnin Kebbi. Ba ya buƙatar na'urar biliyoyin naira, yana buƙatar mutanen da za su koma gona ɗaya kowane mako, rani da damina, suna ƙirge suna rubutawa.

Gulbin da ke ba Argungu kifi da suna yana da nasa ciwon. Bikin kamun kifi, wanda aka faro a siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, yana nuna yadda rayuwar Kabawa ke cikin ruwa tun suna yara. A cikin irin wannan ruwa tsargiya take. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga wani ƙaramin dodon koɗi, su girma, su fito su huda fatar wanda ke wanka ko su ko dashe. Tsutsar ta zauna a jijiyoyin mafitsara shekara da shekaru, alamarta fitsarin jini. A wasu ƙauyuka an saba ganinsa a wurin yara maza har ana ɗaukarsa alamar girma. Akwai magani mai araha, praziquantel, ana raba shi a makarantu, yana kashe tsutsar, amma yaron da ya sha yau gobe gulbi zai koma. Likitocin Sakkwato sun daɗe suna rubutu a kan yawan sankarar mafitsara a wannan yanki da alaƙarta da tsohuwar tsargiya. Nan ne rajistar masu ciwon daji da aka kafa a jihar take da amfani, aikin da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, ta ba ƙarfi, wadda a 2024 aka zaɓe ta mai jiran gadon shugabancin ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Idan rajistar tana rubuta garin da mara lafiya ya taso da sana'arsa, cikin shekaru kaɗan za a iya ɗora taswirar sankara a kan taswirar gulbi.

Masunta kansu abokan aiki ne a nan. Sarkin Ruwa da mutanensa sun san inda ruwa ke kwanciya, lokacin da yake janyewa, inda ciyawa ke taruwa, kuma sun daɗe suna hana kamun kifi a gulbin Matan Fada har lokacin biki don kifi ya samu ya girma. Al'ummar da ta iya kiyaye dokar ruwa irin wannan za ta iya kiyaye wata, in an zauna da ita an nuna mata dodon koɗin da ido.

Shi kuwa sauro bai tsaya inda aka bar shi a 1956 ba. Dieldrin an daɗe da haramta shi, amma maganin da aka shafe shekara ashirin ana jiƙa gidan sauro da shi, dangin pyrethroid, ya bi sahu: a yawancin Arewacin Najeriya sauro yana jure masa, kuma magungunan ƙwari da manoma ke fesawa a gonaki suna cikin abin da ake zargi da hanzarta hakan. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sabon gidan sauro mai magani iri biyu a haɗe. Shi ma yana da ranarsa. Gwajin da aka saba auna juriyar sauro da shi shi ne dai wanda aikin Davidson ya taimaka wajen tsarawa: a ɗebo tsutsa daga kududdufi, a rene ta ta zama sauro, a sa mata kamar ashirin da biyar a bututu mai takardar magani na awa ɗaya, washegari a ƙirga matattu. Ɗalibin digiri na biyu a Birnin Kebbi ko Aliero zai iya yin sa, in yana da ɗaki mai sanyi, da takardun da ba su lalace ba, da wanda zai biya kuɗin mota zuwa Argungu da Bunza da Ambursa sau biyu a shekara, sannan ma'aikatar lafiya ta jiha ta duba sakamakonsa kafin a yi odar gidajen sauro na rabon gaba.